Ƙwayar Cutar Da Ke Sa Jiki Ya Niƙe Mai Gadinsa

KAFANCHAN — A ƙarshen watan Mayu na shekarar 2024 ma'aikatan lafiya suka bazu cikin makarantu da ƙananan asibitoci da wuraren taruwar jama'a, tun daga nan Kafanchan har Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Kachia, ɗauke da akwatunan ƙanƙara, suna neman 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Abin da suka zo da shi kuwa allura ce guda ɗaya tak, kyauta, ta rigakafin wata ƙwayar cuta da ake kira HPV, wadda ita ce sanadin kusan duk wata sankarar bakin mahaifa da ke kama mata.

Jihar Kaduna tana cikin jihohi 21 da aka yi wa wannan aiki a zagaye na biyu. Zagayen farko an fara shi ne ranar 24 ga Oktoba, 2023, a jihohi 15 da Babban Birnin Tarayya. Dalilin gaggawar ba ɓoyayye ba ne. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2020 kaɗai mata kimanin 12,000 ne suka kamu da wannan ciwo a Nijeriya, kuma kimanin 8,000 suka rasu.

Kamar yadda aka saba, allurar ba ta iso ita kaɗai ba, da jita-jita suka zo. Wasu iyaye sun ji an ce wai tana hana haihuwa, suka riƙe 'ya'yansu a gida. Wasu kuma tambayarsu mai ma'ana ce: yaya za a yi ƙwayar cutar da ta shiga jikin yarinya tana budurwa ta zauna shiru shekara 15 ko 20, sa'an nan ta tashi ta zama ciwon daji? Me take yi a ciki duk tsawon wannan lokaci?

Amsar wannan tambaya tana da tsawo, amma ta cancanci a ba ta lokaci, domin daga cikinta ne masu binciken magunguna suka samo wata sabuwar dabara da suke fata za ta canja yadda ake yaƙi da sankara da sikila da wasu cututtuka da suka addabi wannan yanki.

Jiki kullum cikin rushewa da gini

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani, su ake kira ƙwayoyin halitta. A cikin kowane ɗaki akwai ma'aikata dubbai da ake kira furotin. Wani aikinsa ɗaukar iska a cikin jini, wani narkar da abinci, wani kai saƙo, wani kuma ba da umurni ga ɗakin ya rabu gida biyu. A da can an ɗauka cewa da zarar an ƙera furotin, to, shi ke nan yana nan har sai ya tsufa. Wani Bajamushe mai suna Rudolf Schoenheimer, wanda ya yi hijira zuwa Amurka, shi ne ya nuna a ƙarshen shekarun 1930 cewa ba haka abin yake ba. Jiki kullum yana rushe furotin ɗinsa yana sake gina wani. Akwai wanda yake yin watanni, akwai wanda ko rabin sa'a ba ya kaiwa.

To, a nan matsalar take. Idan a ɗaki guda akwai furotin iri dubbai, wa yake zaɓen wanda za a rushe yau, a bar maƙwabcinsa?

Tsofaffin ma'aikatan reluwe na Kafanchan ba za su sha wuyar fahimtar amsar ba. Tun 1927 garin nan mahaɗar jiragen ƙasa ne, inda hanyar Fatakwal da ta Kaduna da ta Jos suka gamu. A zamanin da tashar ke cika maƙil, leburan da ke lodi ba ya kwance buhu ya ga abin da ke ciki. Takardar da akawun kaya ya ɗaura wa buhun ita yake dubawa. In ta ce Jos, sai taragon Jos. In ta ce Inugu, sai na Inugu. Ikon duka yana hannun akawu.

Haka ƙwayar halitta take yi. Takardar da take ɗaurawa wani ɗan ƙaramin furotin ne mai suna yubikwitin, wanda aka fara gano shi a 1975. Sunan daga Latin aka samo shi, ma'anarsa abin da ke ko'ina, domin ana samunsa a jikin mutum da na saniya da na masara da na yis ɗin burodi, kuma kusan kamarsu ɗaya. Amma ba a san aikinsa ba sai da wasu mutum uku suka duƙufa a kai daga 1978 zuwa farkon shekarun 1980: Avram Hershko da ɗalibinsa Aaron Ciechanover a birnin Haifa na ƙasar Isra'ila, da Irwin Rose a Filadelfiya ta Amurka. Da jinin zomo suka yi yawancin aikin. Su suka nuna cewa duk furotin ɗin da aka ɗaura wa yubikwitin, ɗaya bisa ɗaya kamar carbi, to, kwanansa ya ƙare. A 2004 aka ba su lambar yabo ta Nobel.

Inda ake kai wanda aka yi wa alama wani inji ne mai siffar ganga, zobba huɗu a jere, da murfi a bakinsa. Masana suna kiransa furotiyasom, amma in an ce injin niƙa ba a yi kuskure ba. Murfin yakan duba alamar, ya cire ta ya mayar don a sake amfani da ita, ya warware furotin ɗin kamar zare, ya tura shi ciki a daddatse shi. Gutsattsarin kuma a sake gini da su. Ba a asarar komai.

Akawu fiye da 600

Ɗaura alamar aikin hannu uku ne. Na farko, E1, shi ke ɗauko yubikwitin ya shirya shi. Na biyu, E2, shi ke dakonsa. Na uku, E3, shi ne akawun, domin shi ke gane wanda za a ɗaura wa. Jikin mutum yana da E1 iri biyu kacal, E2 kimanin 40, amma E3 sun haura 600, kowanne da irin mutanen da ya sani.

Yadda akawun ke gane nasa abin mamaki ne. Wani furotin tun daga ƙira yake ɗauke da tambarin ajalinsa a bakin jikinsa, kamar yadda Alexander Varshavsky ya nuna a 1986. Wani kuma sai ya lalace, abin da ya kamata ya ɓoye a ciki ya fito waje, sa'an nan a gane shi. Wani sai an ɗiga masa wata ƙaramar shaida tukuna. Misali, akwai furotin mai suna HIF wanda aikinsa shi ne ya yi shela idan iska ta yi ƙaranci a jiki, don a ƙara yin jini. Muddin akwai isasshiyar iska, ita kanta iskar ce ake manna masa, wani akawu mai suna VHL ya gan shi ya aika da shi injin niƙa cikin 'yan mintoci. Da iska ta ragu sai shaidar ta ɓace, HIF ya tsira ya yi shelarsa. Mutum uku da suka warware wannan su ma sun sami Nobel a 2019.

Amma akwai abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe. Injin niƙa ba ya tambaya. Duk abin da ya zo masa da alama niƙe shi zai yi, ko da kuwa ɓarawo ne ya ɗaura alamar.

Mai gadi da ɓarawon da ya san akawu

A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wani furotin da aka gano a 1979, ana kiransa p53. Shi ne mai gadi. Idan littafin gado na ƙwayar ya sami tangarɗa, p53 yakan dakatar da ita daga rabuwa har sai an gyara. In abin ya fi ƙarfin gyara, sai ya umurce ta ta kashe kanta, domin kada ta haifi 'ya'ya masu irin lahaninta. Saboda tsananin ikonsa, jiki ba ya barin sa ya yi yawa a lokacin zaman lafiya, kullum ana ƙera shi ana niƙe shi. Sai an ga hatsari ake dakatar da niƙan, ya taru ya yi aikinsa. Kusan rabin duk ciwon dajin da ke kama ɗan Adam, in aka bincika, za a tarar p53 ɗin ya lalace.

A sankarar bakin mahaifa kuwa, abin da ya daure wa masana kai shi ne, galibi p53 ɗin lafiyarsa lau, amma ba a ganinsa a bakin aiki.

Harald zur Hausen na ƙasar Jamus shi ne ya nace cewa ƙwayar HPV ce sanadin wannan ciwo, a lokacin da yawancin abokan aikinsa suke zargin wata ƙwayar dabam. A 1983 da 1984 shi da mutanensa suka zaƙulo iri biyu, lamba 16 da lamba 18, waɗanda su kaɗai ke jawo kimanin kashi 70 cikin 100 na ciwon. Sai a 1990 Martin Scheffner da Peter Howley da abokan aikinsu a Amurka suka gano dabarar. Ƙwayar cutar tana ƙera wani ɗan furotin nata mai suna E6. Shi E6 ba shi da ƙarfin da zai kashe mai gadi da kansa. Abin da yake yi shi ne ya kama wani akawu na jikin matar, wanda a da babu ruwansa da p53, ya manne masa, sa'an nan su biyun su cafke p53. Akawun ya ɗaura alama, injin niƙa ya yi aikinsa. Da hannun mai gida aka kashe mai gadin gida. Wani furotin na ƙwayar cutar, E7, shi kuma ya cire birkin da ke hana ƙwayar halitta rabuwa barkatai.

Wannan shi ne amsar tambayar iyayen nan. Yawancin matan da HPV ta shiga jikinsu, garkuwar jiki takan kore ta cikin shekara ɗaya ko biyu ba tare da sun ma sani ba. Amma a jikin wasu takan zauna. Kowace rana ana ƙera mai gadi, kowace rana ana niƙe shi, kurakurai suna ta taruwa ba mai tsawatawa, har shekara 15 ko 20, ranar da matar za ta fara ganin jini ba lokacin al'ada ba, ko bayan saduwa da mijinta, ko bayan ta daina haila. Ga mace mai ɗauke da ƙwayar HIV abin ya fi sauri, kuma hatsarinta ya ninka na sauran mata har sau shida. Ita ma HIV ɗin, ga mai son sani, irin wannan fashin take yi: tana da furotin mai suna Vif da ke sa akawu ya aika da ɗaya daga cikin masu tsaron jiki injin niƙa.

In ɓarawo ya iya, likita fa?

Magungunan da aka saba da su yawanci toshewa suke yi. A sami wani rami a jikin furotin mai cutarwa, a ƙera maganin da zai shiga ya cike shi, kamar a karya makulli a cikin kwaɗo. Matsalar ita ce furotin da yawa masu jawo ciwo ba su da irin wannan rami, sumul suke, ba inda magani zai kama ya hana su aiki. Shi ya sa tunanin a sa jiki ya niƙe su gaba ɗaya ya ja hankalin masana.

Matakin farko dai akasin haka aka yi, wato aka toshe injin niƙan kansa. Akwai wata sankara ta ɓargo da ake kira mayeloma, wadda ke cin ƙashi tana kawo ciwon baya mai tsanani da ƙarancin jini ga manya, kuma a Amurka an lura ta fi kama baƙar fata ninki biyu. Ƙwayoyin wannan sankara suna ƙera furotin da yawa ƙwarai, don haka shararsu ma tana da yawa. In aka tsayar da injin na ɗan lokaci, su ne ke fara mutuwa cikin dattinsu. Maganin da ke yin wannan, bortezomib, an amince da shi a Amurka a 2003.

Na biyu kuwa ta hanyar baƙin ciki aka same shi. A 1957 wani kamfani a Jamus ta Yamma ya fito da maganin barci mai suna thalidomide, aka riƙa ba mata masu laulayin ciki. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu ko kuma babu su sam. Duk da haka maganin bai mutu ba. A 1965 aka ga yana taimakon masu wani irin kumburi na kuturta, a 1999 kuma aka ga yana rage sankarar ɓargo. Shekara 50 ana amfani da shi ana tsoronsa, ba wanda ya san yadda yake aiki, sai a 2010 da Hiroshi Handa da mutanensa a Tokyo suka gano cewa wani akawu mai suna cereblon yake kamawa. Daga baya, a 2014, aka fahimci sauran labarin: maganin danƙo ne. Yana zama a jikin akawun ya canja masa fuska, sai wasu furotin da ba nasa ba su riƙa mannewa, a aika da su niƙa. A jikin mai sankarar ɓargo, waɗanda ake niƙewa su ne ciwon ke rayuwa da su. A jikin ɗan tayi kuwa, daga cikin waɗanda ake niƙewa har da wanda ake bukata wajen gina hannu da ƙafa. Shi ya sa har gobe haramun ne mai ciki ta kusance shi.

Manoman Kudancin Kaduna sun daɗe suna aiki da irin wannan danƙo ba tare da an gaya musu ba. Maganin feshin nan 2,4-D da ake zuba wa gonar masara da ta shinkafa, wanda ke murɗe ciyawa mai faɗin ganye ya bar hatsi, kwaikwayon wani sinadarin girma ne na tsiro. A 2007 Ning Zheng na Jami'ar Washington ya nuna cewa wannan sinadari yana haɗa akawun tsiro da furotin ɗin da ke riƙe linzamin girma, a niƙe shi. In feshi ya sauka, linzami ya tafi gaba ɗaya, ciyawar ta yi ta girma ba tsari har ta mutu.

Mataki na uku shi ne ƙera danƙon da gangan. A 2001 Craig Crews na Jami'ar Yale da Raymond Deshaies na Kalifoniya suka fito da wani magani mai hannu biyu, wanda suka raɗa wa suna PROTAC. Hannu ɗaya ya kama akawu, ɗayan ya kama furotin mai cutarwa, ya jawo su kusa da juna. Da an ɗaura alama sai ya sake su ya tafi neman wani, don haka kaɗan ne yake yin aiki mai yawa. Daidai abin da E6 ke yi ke nan, sai dai wannan karon likita ne ya zaɓi wanda za a niƙe. An ɗauki shekara 18 kafin a fara gwada irinsa a jikin mutane, a 2019.

Bai kamata a zuzuta abin fiye da kima ba. A 2025 aka bayyana sakamakon babban gwaji na ɗaya daga cikinsu, vepdegestrant, a kan matan da sankarar nono ta yi nisa a jikinsu. Ga wani rukuni na matan, ya riƙe ciwon kimanin wata 5, alhali tsohon magani ya riƙe kimanin wata 2. Ci gaba ne, amma ba warkarwa ba ce, kuma da aka haɗa dukan matan da aka gwada, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Akwai bincike biyu da suka fi kusa da bukatun wannan yanki. A 2024 masu bincike na kamfanin Novartis suka ba da labarin wani danƙo da ke sa a niƙe furotin ɗin da ke hana jiki ci gaba da yin irin jinin jarirai, wanda ba ya lanƙwashewa. A kan dabbobi suka gwada shi, da fatar wata rana ya zama ƙwayar da mai sikila zai haɗiya. Kafin nan, a 2016, an sami wani sinadari da ke toshe injin niƙan ƙwayar ciwon barci ya bar na mutum, ya kuma warkar da ɓeraye. Dangin wannan ƙwaya ne ƙudan tsando ke sa wa shanu su kamu da sammore, cutar da makiyayan Kachia suka sani sarai, kuma saboda ita aka kafa cibiyar bincike a Kaduna tun zamanin Turawa.

Tsakanin Kafanchan da Shika

Duk da wannan ilmi, har yanzu babu wani magani a asibiti da ke ƙwato p53 daga hannun E6. Matar da sankarar bakin mahaifa ta kama, abin da ake yi mata shi ne tiyata, ko gashi da na'ura, ko ƙarin ruwan maganin daji, gwargwadon inda ciwon ya kai. Daga asibitin Sir Patrick Yakowa na Kafanchan, irin wannan jinya takan kai iyali Jos ko Kaduna ko Abuja ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da kuɗin mota da na masauki da na magani. Ga gidan da ya dogara da citta, musamman bayan annobar da ta cinye gonakin Kachia da Jaba da Kagarko a daminar 2023, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Bortezomib da thalidomide sun shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya don sankarar ɓargo tun 2019, amma shiga jeri dabam, samuwa a kantin asibiti a farashin da talaka zai iya dabam.

Allurar da aka kawo a 2024 ba ta shiga wannan faɗa na cikin ƙwayar halitta ko kaɗan. A bakin ƙofa take tsayawa. An yi ta ne da ɓawon ƙwayar cutar kawai, fanko, babu E6 babu E7 a ciki, don haka ba ta iya sa ciwon. Garkuwar jiki takan ga ɓawon ta haddace kamanninsa, ranar da ta gaskiyar ta zo sai a tare ta kafin ta shiga. Wannan ne dalilin da ya sa ake yi wa yara ƙanana, tun kafin aure, domin ba ta korar ƙwayar da ta riga ta zauna. An fara amfani da ita a duniya tun 2006, an yi wa 'yan mata miliyoyi, da yawansu yanzu iyaye ne, kuma binciken da aka yi bai nuna tana hana haihuwa ba. A Ingila, inda aka fara yi wa 'yan makaranta a 2008, an ga ciwon ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa suna da shekara 12 zuwa 13.

Ga iyayensu mata da yayyensu da suka wuce shekarun allura, abin da ya rage shi ne gwaji. Shekarun nan 15 zuwa 20 da ƙwayar ke ɗauka tana niƙe mai gadi, su ne kuma damar da ma'aikaciyar jinya ke da ita ta ga wurin da ya fara canjawa ta ƙone shi ko ta daskarar da shi cikin 'yan mintoci, tun bai zama sankara ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mace ta fara gwaji daga shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10 in gwajin HPV aka yi. Mai ɗauke da HIV kuwa ta fara daga shekara 25, ta riƙa komawa bayan shekara 3 zuwa 5.